Tsohuwar Dikodar Inna

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk zuriyarmu ba wanda ya kai ni sanin na'ura, na tafka wata wauta da har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Jiya wani ya tambaye ni a nan dandalin wace dikoda zai saya, irin mai ɗaukar shiri ta ajiye, wadda ba za ta tsufa da wuri ba. Na fara rubuta masa amsa, sai amsar ta ƙi tsayawa a layi biyu. To ga ta nan, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka.

Ni dai mutum ne mai ciwon hangen gobe. Idan zan sayi waya, ba na tambayar abin da take yi yau, sai abin da za ta iya yi nan da shekara uku. Abokina, wanda muke koyarwa tare a Birnin Kudu, har suna ya sa mini, wai sarkin gobe. Yakan ce ko ƙosai aka miƙo mini sai na tambaya ko za a iya ƙara masa memori. Ina dariya, amma a raina ina jin daɗin sunan, don ni a ganina yabo ne.

Gidanmu yana Gwaram. Mahaifina tela ne, kuma a lokacin da wannan abu ya faru ya shekara biyu da rasuwa. Mutum ne da bai yarda da hoto ba ko kaɗan. Idan aka ɗaga waya a wurin biki sai ya juya baya, ko ya tuna yana da alwala da zai sabunta. Hotonsa ɗaya tak muke da shi, na katin zaɓe, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kamo da laifi. Al'adarsa kuma duk goman ƙarshe na azumi yakan rufe shago ya taho Birnin Kudu i'itikafi, a masallacin da wani abokin karatunsa na ƙuruciya yake tafsiri.

Ni ne ɗan fari, kuma mahaifiyata tana cikin matan nan na da, masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta zama hira da ni. Idan na gaishe ta takan amsa tana kallon gefe, idan kuwa tana da saƙo, ƙanwata take faɗa wa, ko da ina zaune a tabarma ɗaya da su. Ƙanwar tawa tana aure a nan cikin Gwaram, kusan kullum tana gidan. Ita ce wayar da ke tsakanina da Inna.

Saura kamar wata guda azumi na je gida. Ina zaune ina shan fura, sai na ji Inna tana cewa ƙanwata, "Ki faɗa wa yayanki, na ji an ce akwai akwatin da yake riƙe magana. Tafsirin nan na la'asar, tunda aka sa mana dish ban taɓa jin sa daga farko zuwa ƙarshe ba. Malam na farawa, ni ina kan tukunyar kunu."

Ƙanwata ta juyo ta ce, "Yaya, ka ji."

Na ce na ji. Wallahi abin ya taɓa ni. Shekara da shekaru matar nan tana ciyar da mu buɗa-baki, mu muna masallaci muna sauraron karatu, ita tana fama da hayaƙi. Na ce, "Ki ce mata in sha Allahu bana za ta ji shi har hatama."

Abin da ta nema ke nan fa: akwatin da zai riƙe mata tafsiri. Amma da yake aikin ya faɗo hannun sarkin gobe, sai da na shafe sati biyu ina bincike. Na cika takardu da rubutu. Na hana abokina sakat a ofishin malamai, har ya ce idan na sake ambatar dikoda zai koma cin abinci a aji.

Ranar wata Asabar ni da abokina muka je shagon wani mai sayar da kayan dish a Birnin Kudu, dattijo mai haƙuri, wanda ya san ni ya kuma san halina. Ya jero mini guda uku a kan kanta. Ta farko ƙarama ce, sai an soka mata filas take ɗauka. Ya ce, "Malam, in don Hajiya ce, wannan ta isa. Maɓalli ɗaya za ta danna."

Na ce, "Alhaji, filas ɗin nan ai jikoki za su zare shi su zuba waƙa."

Ta biyu tana da memori a cikinta, amma a rufe yake, ba a ƙara shi. Na ture ta gefe ina cewa wannan ai kabari ce, abin da aka binne a ciki shi ke nan. Ta uku ita ce ta tafi da hankalina. Ana kallon tasha ɗaya tana ɗaukar wata, tana da babban memori a ciki, tana da ƙofofi a baya har da waɗanda ban san amfaninsu ba. Na tambaye shi ta wannan ƙofar me ake sakawa, ya ce shi ma bai sani ba, amma an ce nan gaba za a buƙace ta. Jin kalmar nan gaba, sai na ji kamar an sosa mini inda yake ƙaiƙayi.

Sai ya ƙara da abin da ya ƙarasa ni. Ya ce kamfanin suna fito da sabuwa duk bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma shi yana karɓar musaya. In na adana kwalinta da rimot da takardunta lafiya lau, ranar da sabuwa ta iso in kawo tsohuwar, in yi ciko, in ɗauki sabuwa. Abu ɗaya ya gargaɗe ni a kai: duk abin da ta ɗauka, a cikinta kawai yake buɗuwa, ba a kwashe shi a kai wata na'ura. Na ce wannan ba matsala ba ce, tafsiri ne, kowace shekara ana yin sabo.

Abokina ya ce, "Kai jama'a! Mutum bai sayi abu ba tukuna, har ya shirya ranar rabuwa da shi."

Na saye ta, na kai ta Gwaram na haɗa. Na karɓi jan farcen ƙanwata na ɗiga a kan maɓallin ɗauka don Inna ta riƙa gane shi. Na yi bayani dalla-dalla ina kallon ƙanwata, ƙanwata tana maimaitawa tana kallon Inna, Inna tana kallon rimot. Kwalin kuwa na nannaɗe shi a leda na ɗora a saman kwabar Inna, na ce kada wanda ya taɓa shi, ranarsa na zuwa.

Azumin nan Inna ta ji tafsirinta har hatama. Takan ɗauka da la'asar, ta saurara da hantsi bayan ta gama shara. Da hannunta ya faɗa, sai ta shiga ɗaukar duk wani karatu da ta ci karo da shi a tashoshin Hausa, sabo da tsoho. Ranar salla ta ce wa ƙanwata, "Ki ce masa Allah ya yi albarka." Na koma Birnin Kudu ina jin kaina a sama.

Bayan salla na lura da wasu abubuwa, amma ban ba su muhimmanci ba. Ta ɗinka wa dikodar ƙyalle mai aiki a baki tana lulluɓe ta. Rimot ya bar kan tebur ya koma cikin kwallarta, inda take ajiye turare da kayan da ba ta son a taɓa. Jikokin da ta saba sakar wa komai, ta hana su zuwa kusa. Wata rana na duba na ga memorin ya kusa cika, na ce bari in rage tsofaffin, sai ta yi wuf ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ya bar su." Na yi dariya a raina, na ce tsofaffi da tara kaya, har tafsiri ma sai an yi masa rumbu.

Bayan kamar shekara ɗaya da rabi, cikin damina, mai shago ya kira ni ya ce sabuwa ta iso. Ya lissafo mini abubuwan da take yi, har da shiga intanet. Ban iya cin abincin rana ba don zumuɗi. Asabar da sassafe na hau mota zuwa Gwaram, na tarar Inna ta tafi Farin Dutse sunan jikar ƙanwarta, ƙanwata ma ta bi ta, sai washegari za su dawo. Na ce madalla, abin ma ya zo daidai, sai dai ta dawo ta ga sabon abu. Na yaye ƙyallen, na zare wayoyi, na laluba kwalla na ɗauko rimot, na sauko da kwali daga saman kwaba. Ban kira kowa ba. Me zan tambaya, ni da na sayi abu?

Lahadi da yamma na dawo da sabuwa na haɗa kafin su iso. Inna ta shigo da sallama, ta ajiye ƙullin kayan suna, idonta ya sauka kan tebur. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce wa ƙanwata, a hankali, "Tambaye shi ina tsohon."

Na amsa da fara'a, na ce na mayar, wannan ta ninka waccan sau goma, hotonta ma kamar ka taɓa mutum. Ina ta zuba, ban lura ƙanwata ta dafe ƙirji ba. Inna ta ce, "To. Allah ya yi albarka." Ta ɗauki buta ta fita. Ni kuma na kama hanya don kada in rasa motar ƙarshe, ina ganin na yi abin kirki.

Ranar Alhamis ina fitowa daga aji ƙanwata ta kira. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, na yi alkawari ba zan faɗa ba, amma yau kwana huɗu Inna ba ta cin abincin kirki. Baba yana cikin akwatin nan da ka mayar."

Na ce, "Wane Baban?"

Ta ce, "Baba nawa gare mu?"

Sai ta warware mini. Ashe a cikin azumin farko, wata tasha ta riƙa sako tsofaffin tafsirai da aka ɗauka a garuruwa, har da na masallacin nan na Birnin Kudu inda mahaifinmu yake i'itikafi. Inna ta ɗauka ba tare da sanin komai ba. Tana saurare da hantsi, mai ɗaukar hoto ya juya kan jama'a, sai ga shi a sahu na biyu, da hularsa da rigar da ya ɗinka da hannunsa. Bai san ana ɗaukarsa ba, shi ya sa bai juya baya ba. Ƙanwata ta ce ita ma da kanta ta gano, wata rana ta shigo ba zato ta tarar Inna ta jawo kujera dab da talabijin ta tsayar da hoton. Daga baya Inna ta sa ta kulle wannan ɗaya da lamba don kada hannu ya goge shi, ta kuma ce kada ta kuskura ta faɗa wa kowa, musamman ni.

Na ce, "To me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

Ƙanwata ta ce, "Haba Yaya. Matar da ba ta iya faɗar sunanka, ita ce za ta dube ka ta ce kullum sai ta kalli mijinta?"

Na zauna a bakin baranda. Shekara ɗaya da rabi mahaifina yana motsi a cikin ɗakin mahaifiyata, ni kuma na sa shi a kwali na kai kasuwa. Maganar mai shago ta dawo mini, cewa abin da ta ɗauka a cikinta kawai yake buɗuwa. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba tun ranar da aka kira ni aka ce jikin Baba ya tsananta.

Abokina ne ya ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa shago. Mai shago ya ce ai ya sayar da ita tun Talata. Na tambaye shi ko ya goge abin da ke ciki. Ya ce ƙa'idarsa sai ya wanke kowace tas kafin ya sayar, amma ranar babu wuta, janaretansa kuma yana wurin gyara, mai sayen yana sauri, sai ya ce masa ya goge da kansa idan ya isa gida. Wane ne mai sayen? Wani mai gidan kallon ƙwallo ne daga Fagam, dogo, mai tsagar gado a kumatu. Lambar waya fa? Bai karɓa ba.

Da na faɗa masa abin da ke ciki, dattijon nan ya cire tabarau ya ce, "Innalillahi. Malam, ku tafi gobe da asuba. Masu gidan kallo ba sa barin memori da kaya, wasannin Asabar suke ɗauka su sake haskawa."

Juma'a da sassafe muka nemi izini muka kama hanya. Muka biya ta Gwaram don in ɗauki sabuwar, saboda ba ni da abin da zan ba mutumin a madadi sai ita. Na ce wa ƙanwata ta ce wa Inna akwai ɗan gyaran da za a yi mata. Inna tana tsintar shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na ga yadda ta faɗa a kwana biyar, na kasa tsayawa.

An kwana ana ruwa, hanyar Fagam ta jiƙe sharkaf. Sau biyu muna sauka muna tura babur, ni na rungume kwali a ƙirji na lulluɓe shi da rigar ruwa. Abokina, wanda bakinsa ba ya shiru, ranar bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. Wannan shirun nasa ya fi zagi ciwo. A wani wuri da muka tsaya ya ce kawai, "In Allah ya sa rabonta ne, za mu same shi."

Mun isa ana shirin tafiya masallaci. Muka yi sallar Juma'a tare da mutanen gari, kuma gaskiya ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba. Bayan an sallame muka yi tambaya, aka nuna mana wata rumfar kwano mai bencina, da allo a ƙofa an rubuta wasannin gobe da alli. Mai wurin na ciki yana goge bencin da ruwa ya jiƙa. Dogo, mai tsaga a kumatu. Can a kan wani katako kusa da talabijin na hango ta, har da ɗigon jan farce a kan rimot.

Bayan gaisuwa na ce na zo ne in ba shi sabuwar dikoda fil a kwali, ya ba ni waccan tsohuwar. Ya dube ni, ya dubi abokina, ya dubi kwalin. Ya ce, "Malam, ni fa ban taɓa ganin inda aka bi mutum har gida cikin taɓo don a ba shi sabo a karɓi tsoho ba. Ko dai ta sata ce aka sayar mini? Ko zinariya ce a ciki?"

Na ce ba ko ɗaya. Na tambaye shi ko ya goge abin da ke ciki.

Ya ce, "Tun daren da na kawo ta. Wa'azi ne cike, ni kuma wurin ƙwallo nake nema. Allah ya yafe mini, na share su duka." Sai ya ƙara da cewa, "Sai guda ɗaya mai alamar kwaɗo, ya ƙi gogewa, wai sai an sa lamba. Na gwada sifili huɗu, na gwada ɗaya biyu uku huɗu, ya ƙi. Dama jibi nake shirin mayar da ita a wanke mini ita gaba ɗaya."

Na zauna a kan jiƙaƙƙen benci. Na faɗa masa gaskiyar magana tun daga farko, har da wautata, ban rage komai ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya tashi ya tayar da janareta, ya ce, "Kira ƙanwar taka ta ba mu lambar. Mu tabbatar shi ne kafin ka sake shan wannan hanya."

Sabis ya yi wuya, sai da na fita na hau wani tudu bayan rumfar kafin kiran ya shiga. Ta ba ni lambar, ta ce in wuce da shi gaba zuwa wajen rabin karatun. Na dawo na danna. Ga masallacin, ga malam a kan kujera, ga alaramma yana jan baƙi. Na yi ta turawa gaba. Sai hoton ya bar malam ya bi sahu a hankali.

Ga Baba. Ya tanƙwashe ƙafa, carbi a hannu, farar rigarsa mai aljihu biyu wadda yake cewa telan kirki ba ya ɗinka aljihu ɗaya. Kansa ya yi ƙasa a hankali, ya ƙara yin ƙasa, sai ya zabura ya gyara hula, ya waiga dama da hagu ko wani ya gan shi, sannan ya gyaɗa kai da ƙarfi kamar wanda maganar malam ta ratsa. Shi ke nan, hoton ya wuce kan wasu. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba.

Na yi kuka a gidan ƙwallon mutane, ba na ɓoyewa. Abokina ya juya yana kallon allo. Mai wurin ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Da kansa ya zare wayoyin, ya goge ta da gefen rigarsa, ya nemo kwalinta a ƙarƙashin katako ya saka ta. Na miƙa masa sabuwar. Ya ce, "Zan karɓa don gobe akwai wasa, mutane za su cinye ni. Amma wallahi ko hannu rabbana ka zo, da ita za ka tafi. Ni tawa uwar ko irin wannan ba ta samu ba."

Mun iso Gwaram bayan la'asar, taɓo har gwiwa. Inna tana tsakar gida. Na gaishe ta na wuce ɗaki na haɗa tsohuwar a inda take, na nemo ƙyallen na lulluɓa mata, na ajiye rimot a kai. Na fito na ce wa ƙanwata, "Ki ce mata sabuwar ba ta yi ba, na dawo da tsohon."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar kunna talabijin. Na sunkuya ina ɗaura takalmi don mu kama hanya, sai na ji muryarta daga ciki.

"Kai. Shigo ka zauna."

Na dubi ƙanwata, ina jiran ta maimaita mini kamar yadda aka saba. Ta girgiza kai, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Da kai take."

Na shiga na zauna a ƙasa, gefen kujerarta. Ba ta dube ni ba. Ta sa lambar da kanta, ta ce, "Malamin nan yana da karatu, ka saurara." Ba ta tura gaba ba. Muka zauna muna sauraron tafsiri tun daga farko, ni da ita, kowa ya san abin da yake jira. Da hoton ya bi sahu ya iso kansa, kan Baba ya fara yin ƙasa, sai na ji ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

Ta ce, "Kullum a nan yake gyangyaɗi. Ya dawo gida kuma ya ce mini bai runtsa ba kwana goma."

Tunda aka haife ni, wannan ce doguwar magana ta farko da mahaifiyata ta yi da ni baki da baki, kuma a kan mahaifina ta yi ta.

Har yau ina tunanin abin. Ban ce hangen gaba laifi ba ne, kuma dikodar da na zaɓa ba ta da aibu, babban memorinta ne ma ya riƙe mana shi tsawon wannan lokaci. Laifina shi ne na san duk ƙofofin da ke bayan na'urar nan, ban san abin da ke cikinta ba. Na ga ƙyalle, na ga rimot a kwalla, na ji an ce in bar su, duk ban tsaya na tambayi dalili ba, don a ganina ni na saya, ni na san amfaninta. Mutanenmu, musamman iyayenmu mata, ba komai suke faɗa da baki ba. Wani abin sai dai ka gan shi a yadda suke lulluɓe kaya.

Saboda haka, ɗan'uwa mai tambaya, sayi wadda ake ƙara wa memori, ka kuma tambaya ko ana iya kwashe abin da ta ɗauka a kai wani wuri, wannan ita ce tambayar da ni na raina. Amma ranar da za ka canza ta, ka fara zama da mai riƙe rimot ɗin.

Daga baya na ɗauki wurin da wayata daga fuskar talabijin, na ajiye a wurare uku don tsaro. Na sa ƙanwata ta nuna wa Inna, ta ce a'a, mutumin da bai son hoto ba za a riƙa yawo da shi a aljihu ba. Ita dai a akwatinta take ganinsa, da hantsi, bayan shara. Dikodar tana nan, fankarta tana ƙara, rabin tashoshin yanzu ma ba ta kama su, kuma sarkin gobe bai sake buɗe baki a kan musaya ba.

Kwalin nan da na ce kada wanda ya taɓa, ranarsa na zuwa, da sallar bana na hango shi a madafi. Inna ta yanke masa murfi, tana zuba busasshiyar kuɓewa a ciki.